Shaidata a Gaban Likitan Kalgo

Gwandu,
Lahadi, farkon damina.

Zuwa ga Yayata Larai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa ta so da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukan mutanen Kontagora. Ya ciwon gwiwar? Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya sauka, an fara shuka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali muna da waya. Kin san gidanmu, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Inna surukata, duk abin da na faɗa a waya ita ma ta ji. Abin da ke raina kuwa ba na tsakar gida ba ne. Albarka direba zan ba ya kawo miki.

Duk sanda kika kira kika tambayi jikin Baban Khairiyya, cewa nake da sauƙi. Ba ƙarya na yi miki ba, rabin maganar na faɗa. Ƙafar da ta karye ranar da ramin bututun ruwa ya rufta da su a Kalgo ta ɗoru, ya ajiye sanda tun kafin azumi. Wanda ya gan shi yana tafiya masallaci zai ce an wuce wurin. Amma Yaya, mutumin da aka dawo mini da shi daga asibiti ba shi ne na sani ba.

Ba ya yarda a rufe ƙofa in yana ɗaki. Ya mayar da tabarmarsa ƙarƙashin rumfa, kuma ba ya rufa ko da sauro zai cinye shi. Ba ya son komai ya taɓa masa ƙafar hagu, har takalmi sau-ciki ya daina sawa. Mutumin da yake zama ƙofar gida yana tsokanar masu wucewa har a kira magariba, yanzu bango yake zuba wa ido. In tifa ta juye yashi a layinmu, sai ki ga zufa ta karyo masa. Gideon, abokin aikinsa ɗan Zuru wanda ya rasu a ramin, da kusan kullum sai an yi hirarsa a gidan nan. Tun ranar sunansa bai ƙara fitowa daga bakinsa ba.

Kamfanin ya aiko cewa likitan ƙashi ya sallame shi, ya koma bakin aiki. Ya je, ya tsaya bakin rami, ya juyo gida. Shugaban ƙungiyar leburorinsu ya zo ya yi mana bayani cewa doka ta tanadi diyya da magani ga wanda haɗarin aiki ya taɓa masa zuciya da tunani, ba jiki kaɗai ba. Sai dai hukumar da ke biya ba ta karɓar magana da baki, sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba mutum ya rubuta rahoto. An sa masa rana a asibiti a Kalgo, akwai likitan da ke zuwa daga Sakkwato.

Inna ta ce ba da yawunta ba. Ta ce daga likitan ƙwaƙwalwa sai asibitin mahaukata na Kware, kuma ɗanta ba mahaukaci ba ne, firgita ce, rubutu zai kawar da ita. Rubutun yana sha, ni nake kai masa da hannuna, kuma ban raina shi ba. Amma in bai je ba, kamfanin zai ɗauka ƙin aiki ya yi, su sallame shi ba komai, ga yara, ga Inna.

Wani abokin aikinsu ma har zaure ya zo da shawara, wai in ya shiga gaban likita ya yi ta dariya shi kaɗai, ya ce yana jin muryoyi, an fi saurin yarda da mutum haka. Ban taɓa ganin ya kori baƙo ba sai ranar.

Ya dai yarda zai je. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida yara, ki ce wa Rahama na ga ɗinkin da ta aiko, hannunta ya faɗa.

Ƙanwarki,
Rahmatu.

Gwandu,
Laraba, ana noman farko.

Yayata Larai,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na gode da man zafin da kika ba Albarka, Inna ma ta ce a yi miki godiya.

Ya je wurin likitan, ƙanensa Muzzammil ya raka shi. Farar shaddarsa ta Sallah ya sa, ya fesa turare, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da ya dawo shi da kansa ya ba mu labari a tsakar gida, har da ɗan murmushi. An tambaye shi ranar wata, ya faɗa. An ba shi lissafi, ya yi. An faɗa masa wasu kalmomi aka ce ya riƙe su, ya maimaita su ba kuskure. Da aka zo kan barci da mafarki da faɗuwar gaba, kowace tambaya amsarta ɗaya, lafiya lau. Likitan ya ce masa shi abin da ya gani kuma ya ji zai rubuta, amma in akwai abin da ya rage, yana iya dawowa. Rahoton ya fito cewa ba a ga abin da zai hana shi aiki ba. Inna ta dama fura ta yi sadaka.

Ya koma aiki. Da farko shugaban aikin ya tausaya masa, ya bar shi a sama yana kwaɓa siminti. Ran nan hannu ya yi ƙaranci aka ce ya sauka. Ya bi tsani ya sauka. Ƙasa kaɗan ta zubo masa a kafaɗa, sai ya ƙame a tsaye, ba ya jin kira, sai da igiya aka fito da shi. Bai faɗa mini ba, sai daga baya na ji a bakin abokan aikinsa. Wurin wanki na gane an yi wani abu, don wandon da ya dawo da shi a ƙunshe cikin leda ba laka kaɗai ce a jikinsa ba. Na wanke na shanya a bayan ɗaki, ban ce uffan ba. An dakatar da shi.

Bayan haka kawunsu na Kambaza ya rasu. Kin san a danginsu shi ne mai shiga kabari ya karɓi gawa, tun yana saurayi. Wannan karon ya tsaya baya. Da aka fara tura ƙasa sai ya juya ya bi cikin gonaki, aka same shi zaune gindin wata tsamiya yana riƙe da ƙafarsa. Tun daga nan maganganu suka fara yawo, wasu su ce iska, wasu su ce sammu.

Abin da zan faɗa yanzu ban faɗa wa kowa ba. Da suka dawo daga Kambaza, Khairiyya ta ji sallamarsa ta fito da gudu ta rungume masa ƙafa, yadda ta saba tun tana rarrafe. Yaya, shure ta ya yi. Ba da niyya ba, na ga idonsa, ba ya nan. Ta faɗa kan turmi, girarta ta fashe, sai da aka yi mata ɗinki. Na ce wa Inna da mai kemis faɗuwa ta yi. Shi kuma ya shiga banɗaki ya daɗe, da ya fito idanunsa sun yi ja. Tun ranar bai ƙara ɗaukarta ba, ita ma in ta gan shi sai ta laɓe bayana.

Shekaranjiya Patience, matar marigayi Gideon, ta zo gaishe mu. Malamar firamare ce a Kalgo. Ita da aka yi wa rashi ita ce ta hau mota ta zo duba mu. Ya fito suka gaisa a tsaye, bai iya kallonta ba. Da na raka ta bakin titi ta ce mini ta ga abin da na gani. Wurin bin haƙƙin mijinta ta san hanyoyin ofisoshin nan, ta ce ana iya neman a sake duba mutum, kuma likitan yakan so ya ji daga bakin wanda yake kwana yake tashi da shi. Ta ce in mun zo mu sauka gidanta.

Ga inda na tsaya. In na yi shiru, zai sake sa shadda ya ce lafiya lau, a kore shi, ya zauna a haka ba magani. In na yi magana, na kwance masa zane a gaban baƙo, ni da Mama ta yi wa huɗubar rufa asirin miji ranar da za a kawo ni gidan nan. Ke ce a madadinta yanzu. Ki rubuto mini abin da kika gani.

Taki har kullum,
Rahmatu.

Kalgo,
Talata da la'asar.

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Amsarki ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Kin ce in yi istihara, kuma in tuna Mama ba ta taɓa cewa a ɓoye ciwo ga mai magani ba. Na yi, kuma ga ni a Kalgo, daga ɗakin Patience nake rubuto miki.

Shugaban ƙungiyarsu ne ya nemi a sake duba shi. Maigidan ya yarda don ba shi da wata hanya. Na ce zan bi shi in rama wa Patience ziyara, ya ce to. Ban faɗa masa abin da na ƙudura ba.

Mun daɗe a benci muna jira. Akwai wata mata ’yar unguwarmu da ta zo awo, ta wuce ta gabanmu, ta ɗaga kai ta karanta allon da ke saman ƙofar, sannan ta gaishe mu. Na san kafin mu koma gida labari ya riga mu.

Likitan sunansa Dakta Benjamin, dattijo ne mai furfura, Hausarsa kamar tamu. Kafin komai sai da ya yi mana bayani. Ya ce, “Ni yau ba magani zan bayar ba. Rahoto zan rubuta, kuma hukuma za ta karanta, kamfani ma zai san abin da na yanke. Ina so ku san haka kafin ku buɗe baki.” Na so a ce sirri ne tsakaninmu da shi, sai ga shi ya faɗa mana gaskiya ba haka ba ne. Sannan ya tambayi maigidan ko ya yarda in zauna, kuma a yi mini tambaya. Maigidan ya ce, “Ta zauna mana. Ba ta da abin faɗa.”

Aka sake bin tambayoyin. Barci lafiya lau. Cin abinci lafiya lau. Abin da ya faru a rami kwanan baya, jiri ne, bai karya kumallo ba. Likitan yana rubutu bai musa masa ba. Sai ya ajiye biro ya juyo gare ni ya ce, “Malama, ke me kike gani a gida?”

Na dubi maigidan, shi taga yake kallo. Na fara da ƙananan, maganar ƙofa da rumfa da takalmi. Na faɗi ta tifa. Na faɗi ta Kambaza. Ta wandon ban faɗa ba, kuma ba zan taɓa faɗa ba, ke kaɗai kika sani. Likitan ya tambaye ni ko ya taɓa yi wa wani rauni a gida. Na ce eh. Sannan na faɗi maganar Khairiyya, tun daga gudunta har ɗinkin, da ƙaryar da na yi wa Inna. Na ce a shekarun da muka yi tare bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba, a rubuta wannan ma.

Na zaci zai tashi ya fita. Bai motsa ba. Likitan ya matso da kujerarsa ya ce a hankali, “Malam Atiku, lokacin da yarinyar ta riƙe ƙafarka, me ka ji?”

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce. Ya ce, “Hannun Gideon.”

Yaya, ashe da ramin ya rufta, shi ƙasa ta binne shi zuwa ƙirji, Gideon kuma yana can ƙasa da shi gaba ɗaya. Hannun Gideon ya laluba cikin ƙasar ya kama idon sawunsa na hagu. Yana matsawa yana saki, yana matsawa yana saki, kamar mai cewa ga ni nan. Shi kuma yana ta ihu a tona ta nan, akwai mutum da rai, amma ƙasa ta danne masa ƙirji muryar ba ta fita, masu tonon kuwa shi suke gani, shi suke ƙoƙarin cirewa. Yana ji matsawar tana raguwa, har hannun ya saki. Da aka fito da gawar aka ce nan take ya cika, haka aka faɗa wa matarsa, shi kuma ya bar maganar a haka. Ya ce har yau hannun yana nan a ƙafarsa.

Bai yi kuka ba, ni ce na yi. Likitan ya bar mu muka natsa, sannan ya ci gaba da aikinsa. Ya tambayi ƙuruciyarsa, ko an taɓa irin wannan a danginsu, ko yana shan wani abu, ko kafin haɗarin ya taɓa jin haka. Ya tambaye shi ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ya ce a'a, shi Musulmi ne, amma sau da yawa yakan ce da ma shi ne a ƙasan. Likitan ya rubuta. A ƙarshe ya ce wannan ciwo sananne ne, yana kama sojoji da direbobi da duk wanda ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa, ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙinsa. Ya ce mu dawo gobe da safe a ƙarasa.

Muka fito. Ya raka ni ƙofar gidan Patience, ya wuce wurin wani abokinsa. Ita kuma ta dafa mini shinkafa da miyar kifi, ta ba ni gadonta, tana ta tambayata yadda aka yi. Hoton Gideon yana rataye a bango. Na ce mata an dai yi tambayoyi. Na ɗan taɓa abincin na ture kwanon.

Ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba. Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Rahmatu.

Gwandu,
Jumma'a, gero ya nuna.

Zuwa ga Yaya Larai,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jiki? Ki yafe mini jinkirin amsa, na so in ga inda al'amarin zai tsaya kafin in rubuto.

Hukumar ta karɓi rahoton. Sun ɗauki nauyin magani, za a riƙa ba shi wani abu na albashi har ya samu sauƙi, kuma an rubuta kada a ƙara sa shi aikin rami. In ya koma, sito za a kai shi. Yana zuwa Kalgo ganin wata likitar daban, ita ce mai maganin, tana ba shi ƙwaya kuma suna zama su yi magana. Rubutunsa ma bai daina sha ba.

Gari ya sani. Akwai waɗanda suka daina tsayawa hira a ƙofarmu, akwai masu gaishe ni da wata irin murya. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Shi ne da kansa ya shiga ɗakinta ya faɗa mata yadda aka yi girar Khairiyya ta fashe. Ban san sauran abin da suka tattauna ba, amma washegari ita ta tuna masa ya sha ƙwayarsa.

Ni kuwa ya daɗe ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Ran nan ina tsince shinkafa ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, “Da kin faɗa mini za ki yi magana, da na hana ki.” Na ce na sani. Ya ce, “Gara da ba ki faɗa mini ba.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Ba zan ce miki ya warke ba. Akwai ranakun da yake wuni bai ce ƙala ba, kuma Khairiyya har yanzu daga nesa take miƙa masa abu.

Lahadin da ta wuce ya ce in shirya mu je Kalgo wurin Patience. Ya ce maganar tana cikin takarda yanzu, ba ya so ta ji ta a bakin wani ma'aikacin ofis. Likitarsa ta ce ya jira in bai shirya ba, ya ce ya shirya. Muka bari ta taso daga coci. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, ya faɗa mata komai, bai rage ba, har da cewa ya yi ihu ba a ji shi ba. Ya ce ta yafe masa shirun da ya yi.

Ta tashi ta shiga uwar ɗaki ta rufe. Muna jin kukanta. Na yi masa alama mu tafi, ya girgiza kai. Muka zauna har aka kira la'asar, ya je ya yi salla ya dawo ya zauna inda ya tashi. Can ta fito, ta wanke fuska, ta tsaya a gabansa.

Ta ce, “Baban Khairiyya, tun ranar abin da ke hana ni barci shi ne ya tafi shi kaɗai a cikin duhu, ba kowa kusa da shi. Ashe yana riƙe da mutum.”

A nan ne ya yi kuka, Yaya, karo na farko da na ga hawayensa tun da aka fito da shi daga ramin. Muka bar shi ya yi.

Ki gaida maigidanki da yara. In an gama girbi ina so ki zo, ko kwana biyu ne. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rahmatu.